Sanyin Jos da kaɗaici sun sa ina tunanin komawa gidanmu

Assalamu alaikum. Ni 'yar Kano ce, shekarata 24, aurenmu bai cika shekara ba. Wata bakwai ke nan da aka yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Jos, muka kama hayar ciki da falo a wajen Rikkos. Tun da muka zo, in ban da asibiti da shagon bakin layi ban san ko'ina ba. Yana fita ƙarfe bakwai, ba ya dawowa sai bayan isha'i, Asabar da Lahadi kuma yana majalisa da abokan aikinsa. In na ce mu fita mu ga gari sai ya ce Jos ba Kano ba ce, rikici ba ya sallama, kuma babu kuɗin yawo. Na nemi ya bar ni in shiga Islamiyyar matan aure ko ƙungiyar matan unguwa, ya ce ba mu san halin mutanen ba tukuna. Ga sanyi, kullum ina cikin mura, da daddare sai na shigo da kaskon gawayi ɗaki kafin in iya barci. Ba ya zagina, bai rage ni da ci da sha ba, amma wallahi na fara tunanin in ce ya mayar da ni gida, ya riƙa zuwa ƙarshen wata. Ku ba ni shawara.

'Yar'uwarku daga Jos

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya yaye miki wannan damuwa.

Kafin maganar fita da ta maigida, akwai abu ɗaya a wasiƙarki da ba zai jira gobe ba. Kaskon gawayin nan, ki fitar da shi daga ɗakin kwana yau ɗin nan. Gawayi in yana ci a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana shiga jini ta tare gurbin iskar da jiki yake buƙata, mai barci kuma ba ya jin komai har ta gama da shi. Alamunta na farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, abubuwan da mace za ta ɗauka mura ce ko zazzaɓi. Ko garwashin ya yi ja hayaƙi ya ɗauke, gubar tana nan tana fita. Haka ma janareta: kada a tayar da shi a baranda mai rufi ko a gindin taga. In wata rana kuka tashi ku biyun da ciwon kai lokaci ɗaya, ku buɗe ƙofa ku fita waje, ku nufi asibiti ku gaya musu da me kuka kwana.

To da me za ki ji ɗumi? Garin Jos yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga gaɓar teku, shi ya sa daren Disamba da Janairu yake da cizo, Yuli da Agusta kuma ga ruwa ga hazo. Mafi yawan sanyin ɗaki ta wuri uku yake shigowa: ƙarƙashin ƙofa, gefen taga, da daɓen siminti ko tayil. Ki naɗe tsohon zani ki toshe ƙasan ƙofa, ki sa labule mai kauri da zai sauka ya wuce bakin tagar, ki shimfiɗa darduma ko kafet a inda kuke taka ƙafa in kun sauko daga gado. Bargo biyu marasa kauri sun fi guda ɗaya mai nauyi riƙe ɗumi, saboda iskar da ke tsakaninsu ita ce take tare sanyin. Ki kwana da safa da hular sanyi. A kemis ana sayar da jakar roba ta ruwan zafi; a cika ta kashi biyu cikin uku da ruwa mai zafi wanda ba tafasasshe ba, a matse iskar, a ɗaure murfin sosai, a naɗe ta da tawul a sa cikin bargo minti goma sha biyar kafin a kwanta. Suwaita da jaket kuwa, gwanjon kasuwar Katako ya ishe ku. Da hantsi ki buɗe tagogi awa ɗaya ko biyu rana ta shiga, domin ɗakin da yake rufe kullum shi yake tara danshi da fumfuna a bayan sif da ƙasan katifa, su kuma suna tayar da tari da atishawa. Wanka ki mayar da shi tsakar rana, ki shafa man kaɗanya tun jiki bai gama bushewa ba. Murar da ta wuce mako uku, ko ta zo da tari mai nauyi da ƙarancin numfashi, ta likita ce.

Ko girki ma tudun nan yana taɓa shi. Ruwa a Jos yana tafasa ne a kusan digiri 96, bai kai zafin da yake kaiwa a ƙasa-ƙasa ba, don haka wake da ganda suna ɗan daɗewa fiye da yadda kika saba. Ki jiƙa wake awa shida ko ki kwana da shi a ruwa, in da hali ki sayi tukunyar firesha, gas ɗinki zai fi auki.

Yanzu maganar maigida. Ba za mu ce miki tsoronsa na banza ba ne. Jos ta ga tashin hankali a Satumbar 2001, da Nuwambar 2008, da Janairun 2010, an rasa rayuka da dukiya masu yawa, kuma bayan haka unguwanni da dama sun rabu, Musulmi sun tattara a wasu, Kirista a wasu. Duk wanda ya zo aiki garin, labarin da abokan aiki suke fara ba shi ke nan. Mutumin da ya ɗauko 'yar mutane daga Kano yana jin nauyin amanarta a wuyansa, sai ya ga kulle ƙofa shi ne mafita. Inda lissafinsa ya kuskure shi ne nan: a gari irin Jos, gidan da bai san kowa ba shi ne na ƙarshen jin labari. Maƙwabciyar da kike gaisawa da ita ce za ta ƙwanƙwasa miki ƙofa ta ce yau kada a bi ta hanya kaza. Mai unguwar da ya san fuskar mijinki shi zai tsaya masa in wani abu ya taso. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ke yana ofis, wa zai kai ki asibiti? Da ɗan gari akan ci gari. Wannan ita ce hujjar da za ki shiga da ita, domin tana amsa ainihin abin da yake tsoro.

Yadda za ki faɗa masa yana da muhimmanci kamar abin da za ki faɗa. Kada ki tare shi da maganar a bakin ƙofa yana shigowa a gajiye, kada kuma ki ɗauko ta a lokacin da ya sa hula zai tafi majalisa, domin a nan zai ji kamar kishi kike da abokansa. Ki bari ranar hutu bayan ya karya, hankali kwance. Ki fara da gaya masa gaskiyar halin da kike ciki, har da tunanin komawa gida da ya fara zo miki, ba da sigar barazana ba. Maza da yawa ba su san nisan da abu ya yi ba sai an faɗa musu ƙarara. Sannan ki guji cewa "ba ka taɓa fita da ni ba", wannan ƙofar musu ce. Ki nemi abu ƙarami mai rana da lokaci da iyaka: "Ranar Asabar mai zuwa ka kai ni gidan tarihi, mu fita ƙarfe goma mu dawo kafin azahar, zan soya dankali mu tafi da shi." Abin da aka yanka masa lokaci da kuɗi yana da wuyar ƙi. Majalisarsa tana nan da yamma, ba ki taɓa ta ba.

Gidan tarihin muka zaɓa miki da gangan. Yana tsakiyar gari, ba sai an fita bayan gari ba, kuɗin shigarsa kaɗan ne, kuma akwai jama'a. An buɗe shi a 1952, Bature Bernard Fagg ne ya kafa shi, a ciki akwai kawunan yumɓu na mutanen Nok waɗanda suka haura shekara dubu biyu, da ɗakin tukwanen ƙasa daga sassan Najeriya, da kayan tsohon jirgin ƙasa mai ƙaramin dogo da yake jigilar kuza tsakanin Jos da Zariya. A gefensa akwai filin gine-ginen gargajiya, inda aka gina kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Juma'ar Zariya da jar ƙasa. Ke da kika taso kina ganin badala, ki tsaya a gindin wannan katanga ki ɗora tafin hannunki a kai, za ki ji wani abu ya sauka a ƙirjinki. Gidan zu ma yana nan kusa. Ku tafi da ƙananan kuɗi a hannu, saboda kowane sashe yakan karɓi nasa.

Fita ta biyu, bayan mako biyu, ku yi ta kasuwar Farin Gada, ku haɗa yawo da cefane, ta yadda maganar "babu kuɗin yawo" ba za ta taso ba. Ku je da safe lokacin da kaya suke sauka. Kabeji, karas, latas, koren wake, kokwamba, tumatir da dankalin Turawa na wajen Bokkos da Mangu, duk za ki same su da ɗanyensu. Kuskuren sabon zuwa shi ne ya ga araha ya jibgo abin da zai ruɓe masa. Ku biyu ne kawai: kabeji biyu, karas na mako ɗaya, latas na kwana biyu. Dankali za ki iya sayen mai yawa, amma ki juye shi daga leda zuwa kwando, ki ajiye a wuri mai duhu da iska, nesa da albasa, kada ki wanke sai za ki dafa. Wanda ya yi kore ko ya fara tsiro, a yanke wurin da zurfi, in koren ya yi yawa a zubar, yana da guba. A watannin sanyin nan ake samun sitiroberi na wajen Vom a bakin titi. Ki duba na ƙasan robar kafin ki biya, ku cinye cikin kwana biyu.

Daga nan sai wurin namun dajin Jos, wanda aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. Fili ne mai faɗi da itatuwa da duwatsu, akwai tafiyar ƙasa sosai, don haka takalmi mai tsini ya zauna a gida. Wurin shaƙatawa na Rayfield kuma tafki ne da ya samu daga tsohon ramin haƙar kuza. In za ku shiga kwalekwale, kada ku taka sai an ba kowannenku rigar kariya daga nutsewa, an kuma ɗaure ta daidai. Wannan gargaɗin ya shafi duk kududdufan kuza da za ku gani a kewayen Jos da Bukuru: samansu lumui, amma gaɓarsu a tsaye take, ƙafa ɗaya daga baki mutum ya faɗa zurfi, ruwan kuma sanyi ƙarara. Ba wurin wanka ba ne ko ga gwanin iyo.

Hawan dutse ku bar shi sai kun ɗan san gari. Duwatsun Shere da ke gabas da Jos sun haura mita 1,800, daga sama ana hango garin baki ɗaya, amma ba a zuwa mutum biyu kaɗai. A bi ayarin masu hawa tare da ɗan jagora da ya san hanya, a sanar da wani a gida inda aka nufa da lokacin dawowa. Lokacinsa rani ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A fara da sassafe a sauko kafin rana ta take. Kowa ya riƙe ruwa lita ɗaya da rabi, da dabino ko gyaɗa, da kambas mai ƙasan roba wanda aka saba sawa, domin sabon takalmi kanta yake fitarwa. Ke kuma ki sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, da hijabin da bai wuce gwiwa ba. Dogon hijabi yana harɗe ƙafa a gangara, kuma a saukowa aka fi faɗuwa. Kada a zura hannu a kogon dutse saboda maciji. Da damina dutsen yana santsi, tsawa kuma tana sauka a kan tudu, a haƙura. Magangarar ruwan Assop da ke wajen Hawan Kibo a hanyar Abuja tana da kyau, sai dai tafiya ce ta fiye da kilomita sittin, kuma hanyar tana ratsa yankin da akan samu zaman ɗar-ɗar lokaci-lokaci. Sai an tambayi halin da hanya take ciki a ranar, a je da rana a dawo kafin la'asar. In maigida ne zai tuƙa, ya sauka hawan da ƙaramin giya, kada ya ɗora ƙafa kan birki tun daga sama har ƙasa, birkin zai yi zafi ya daina kamawa.

Dokokin fita guda uku za su kwantar masa da hankali, ke ki fara kawo su: ana dawowa kafin magariba, waya cike da caji, kuma duk ranar da gari ya ɗauki zafi ko ake zaɓe an fasa ba musu. Ku san kuma ana tare wasu tituna kusa da masallatai ranar Juma'a da kusa da coci-coci ranar Lahadi, shi ya sa safiyar Asabar ta fi sauƙin zirga-zirga. A gida ki riƙa ajiye abincin kwana uku da ruwa da gas da maganin da kuke sha, saboda dokar hana fita takan zo ba shiri. Saƙon WhatsApp mai cewa "an fara a wuri kaza" kada ki tura wa kowa, ki kira maƙwabcin da kuka amince da shi ko ki kunna rediyon jiha.

Maganar shiga jama'a kuwa, tunda ya ce bai san halin mutanen ba, ki ba shi aikin sanin. Ya je ya gaida mai unguwa ya gabatar da kansa, abin da ya kamata ya yi tun makon da kuka sauka. Ya riƙa sallar asuba da isha'i a masallacin layi, ya tambayi liman wace Islamiyyar matan aure ce iyalinsa suke zuwa. Ya je da kansa ya ga wurin, ya san malaman da lokacin tashi. Makarantar da ya zaɓa da hannunsa ba zai hana ki zuwa ba. Jos gari ne na karatu, a nan aka kafa ƙungiyar Izala a 1978, ga makarantun 'yan ɗarika, ga na ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, ba za ku rasa wadda ta dace da fahimtarku kusa da gida ba. Ki fara da ita kaɗai, kwana biyu ko uku a mako. Wata uku na farko ki yawaita gaisuwa ki rage labari. Ki je barka, ki je gaisuwar rasuwa, ki duba marar lafiya, amma sirrin ɗakinki da albashin mijinki su tsaya a bakinki. Duk wadda ta fara kawo miki zancen wata a haɗuwar farko, za ta kai naki gaba.

Za a yi miki tayin adashi, tabbas. Kada ki shiga sai kin yi wata uku kina ganin yadda ake kwasa. Ki zaɓi wanda bai wuce mutum goma ba, mai littafin da ake rubuta zubi da kwasa, da sanin maigida, kuma zubin ya zama kuɗin da in ya salwanta ba zai girgiza gidanku ba. Baƙuwa ita ake ba kwasar ƙarshe, adashi kuma daga tsakiya yake mutuwa, lokacin da waɗanda suka kwasa da wuri suka fara noƙewa.

Maigida ma akwai inda unguwa take buƙatarsa. A Yulin 2012 ambaliya ta ci rayuka da gidaje a Rikkos da Gangare bayan ruwa ya ƙetare madatsar Lamingo, kuma har yau magudanun da shara ta toshe su ne suke juya ruwa cikin gidaje. Aikin gayyar yashe kwata a Maris da Afrilu, kafin ruwa ya sauka, ba ya buƙatar komai sai shebur da safar hannu da awa biyu. Mutumin da aka gani da shebur a kwatar layi sau biyu ya daina zama baƙo.

Kada kuma zumuncinki ya tsaya ga Hausawa 'yan'uwanki kaɗai. A asibiti da kasuwa da wurin aikin maigida za ku haɗu da Birom da Afizere da Anaguta da Angas da sauransu, kusan kowa yana jin Hausa. Ki gaishe su da mutunci, ki aika da naman Sallah inda aka saba, ki yi musu barka da Kirsimeti in hakan bai saɓa wa fahimtarku ba. Muhawarar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo, wannan ki bar ta, ta girme ki a garin. Hanya mafi sauƙi ta buɗe hira da matar Filato ita ce ki ce ta koya miki girkin acca ko gwate. Za ta nuna miki yadda ake rege acca a ƙwarya sau uku ko huɗu har yashin ya kwanta a ƙasa, domin wadda ba a rege da kyau ba, cokalin farko haƙori zai gaya miki.

Malam, in 'yar'uwarmu ta miƙa maka wannan ka karanta, ga taka. Ci da sha da sutura ka sauke, Allah ya saka maka. Amma yarinyar da ta taso cikin 'yan'uwa, ta wayi gari tana awa goma sha uku ita kaɗai tsakanin bango huɗu a garin da ba ta san kowa ba, tana cikin wani hali ko ba ta yi kuka a gabanka ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha a hanyar tafiya. Safiyar Asabar biyu a wata ba za ta rage ka da komai a majalisa ba. Ka ware kuɗin fitar tun ranar albashi, ko da bai wuce na cefanen kwana biyu ba, ka sa a ambulan daban, don kada ranar ta zo a ce babu.

'Yar'uwa, maganar komawa Kano ki ɗaga ta wata uku, ki gwada waɗannan. In ya ƙi ko da zuwa Islamiyya bayan ya bincika da kansa, ki sa babba a maganar, wanda yake jin nauyinsa, kamar yayansa ko waliyyinki, a yi ta cikin sirri. Ku kuma tsayar da lokacin ganin gida, ko da sau ɗaya a wata uku, ranar da kika sani tana zuwa tana rage nauyin jira. In kuwa kika ga kuka ba dalili, barci ya ƙaurace, abinci ya fita ranki, abin da kike so da ya daina burge ki, har hakan ya kai mako biyu a jere, ki gaya wa maigida ya kai ki asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo, akwai sashen da ke duba irin wannan damuwa, kuma ana samun sauƙi da magani da shawarar likita.